Hannun da ke Bayan Kanta: Waiwaye kan Gahawar Filifin

Shekaru talatin da suka wuce, idan aka ce gahawa a yawancin gidajen Filifin, gari ake nufi wanda ake ɗiba da cokali daga kwalba, a zuba masa ruwan zafi daga fulas, a sa sukari da garin madara, a tsoma ɗan burodin nan nasu na safe mai suna pandesal, a kurɓa a fita nema. Ba mai tambayar a wace gona aka shuka ta, ko wa ya soya ta, ko yaushe. Yau kuwa, a Makati ko Cebu ko Davao ko Baguio, sai ka shiga ɗan shagon da bai wuce tebur biyar ba, ka tarar da saurayi ko budurwa a bayan kanta da sikeli da agogo, suna tambayarka ko ta dutsen Apo kake so ko ta tsaunukan Benguet, har su faɗa maka sunan ƙauyen da aka tsinko ta. An yi nisa cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda haɗa gahawa ya tashi daga aikin rufin asiri ya zama sana'ar da ake koya, ake gasa a kai, ake alfahari da ita. Abin da ke damuna kuma shi ne, masu wannan sana'a da manoman da ke bayansu har yanzu ba su ci moriyarta yadda ya kamata ba.

Gahawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar. Labarin da aka fi yarda da shi ya ce wani limamin Kirista ɗan Sifaniya ne ya kawo ta garin Lipa da ke lardin Batangas a 1740. Ƙasar wurin ta karɓe ta, kuma bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 hanyar kasuwannin Turai ta gajarce, kuɗi suka kwararo. Masu tarihin ƙasar kan ce a wajajen 1880 Filifin ce ta huɗu a duniya wajen fitar da gahawa. Arzikin Lipa ya kai har fadar Sifaniya ta ɗaga darajar garin a 1887. Shekara biyu bayan nan, a 1889, cutar tsatsar ganye ta faɗa wa gonakin, ƙwari suka biyo baya, cikin 'yan shekaru aka wayi gari bishiyoyin sun zama itacen wuta. Manoma da yawa suka koma rake da wasu amfanin gona. Daga wannan faɗuwa ƙasar ba ta sake komawa matsayinta na da ba.

Da noman ya farfaɗo a tsakiyar ƙarni na ashirin, masana'antar garin gahawa ya yi wa hidima. Aka shuka nau'in Robusta da yawa, musamman a tsibirin Mindanao, domin shi kamfanoni ke saye. Daga baya 'yar leda ta zo, wadda aka haɗa gahawa da sukari da madara a ƙunshi ɗaya. Nescafé da Great Taste da Kopiko suka rataya jere-jere a ƙananan shagunan unguwa da ake kira sari-sari, inda talaka ke sayen komai ɗaiɗai gwargwadon kuɗin da ke hannunsa a ranar. Ba na raina 'yar leda. Ita ce ke tada direban motar haya da asuba, ita ke riƙe mai gadi har gari ya waye, kuma har gobe ita ce mafi yawan 'yan ƙasar ke sha. Sai dai ta saba wa harshen mutane da cewa gahawa zaƙi ce da ɗumi, ta kuma saba wa manomi da cewa nauyin buhu kaɗai ake biya, ko an tsinki 'ya'yan da suka nuna ko ɗanyu.

Duk da haka tsohuwar al'ada ba ta mutu ba, ta dai tsaya a inda ta samo tushe. A Batangas da Cavite tsofaffi sun ci gaba da tafasa kapeng barako a tukunya, gahawar nan ta nau'in Liberika mai manyan ƙwayoyi da ƙamshi mai ƙarfi, suna sa mata baƙin sukari. A kasuwar La Paz da ke Iloilo akwai Madge Café, inda shekara da shekaru ake tace gahawa da matacin yadi, kuma abokan ciniki na kullum suna da kofunansu da aka rubuta sunayensu a jiki. Can kudu a Sulu, Musulmin ƙabilar Tausug suna da gahawarsu, kahawa sug, da rumfunan shanta, inda akan kawo wa mutum kofi biyu, ɗaya cike ɗaya babu komai, ya riƙa juyawa daga wannan zuwa wancan har ta huce, kamar dai yadda mai shayi ke ɗaga hannu yana sheƙa shayi a tashar Kano ko Maraɗi. Waɗannan masu tukunya da mataci sun san aikinsu sarai, sun san wa ke son ta da ƙarfi wa ke son ta da sauƙi. Abin da suka rasa shi ne wanda zai kira abin da suke yi sana'a.

Shekarun 1990 ne suka kawo shagon gahawa irin na zamani. Figaro ya fara a Makati a 1993, a hannun wasu abokai 'yan ƙasa, cikinsu har da Pacita Juan wadda daga baya ta zama babbar murya wajen kare gahawar gida. A 1996 Steve Benitez ya buɗe Bo's Coffee a Cebu, ya kuma gina sunansa a kan gahawar da aka noma a tsaunukan ƙasar. A Disambar 1997 Starbucks ya buɗe reshensa na farko a titin Ayala. Cikin 'yan shekaru manyan kantuna suka cika da irin waɗannan shaguna, sannan cibiyoyin amsa kiran waya suka bunƙasa, dubban matasa suna aikin dare domin dacewa da agogon Amurka, kowa na neman abin da zai hana shi gyangyaɗi.

A wancan zamani, idan aka ce shago na da kyau, wurin ake nufi. A birnin da zafi da cunkoson motoci suka yi wa katutu, kuma gidajen mutane da yawa ƙanana ne cike da dangi, ɗaki mai sanyi da kujera mai laushi da wurin cajin waya da intanet ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibai suka mai da shagunan ɗakin karatu, 'yan kasuwa suka mai da su ofis. Ƙarshen kowace shekara sai a ga mutane suna tara tambari a kati domin su karɓi littafin tsara ayyuka na Starbucks, har abin ya zama al'adar lokacin Kirsimeti. Ba zan ce wannan zamani bai amfana ba. Shi ya koya wa jama'a cewa akwai gahawar da ake niƙawa a gabanka, shi ya sa kalmar barista, wato mai haɗa gahawa, ta shiga bakin mutane, shi kuma ya horar da dubban matasa tsabta da saurin aiki da karɓar baƙo. Amma abin da ke cikin kofin bai cika samun mai tambaya ba, kuma mai haɗawar littafin kamfani yake bi, ba a nemi harshensa ko ra'ayinsa ba.

Juyin da ya taɓa kofin kansa ya soma bayyana ne a wajajen 2013. A shekarar Yardstick ya buɗe a Makati, yana soya gahawarsa da kansa yana kuma koyar da masu son koyo. The Curator ya fito a unguwa ɗaya da shi, Commune ya zo da aniyar sayar da gahawar Filifin, sannan Toby's Estate ya iso daga Ostareliya a 2014. Yawancin masu waɗannan wurare matasa ne da suka ga yadda ake yi a Melbourne ko Singafo ko Tokyo suka dawo da tambayoyi. Suka rage yawan suyar da ke ƙona ƙwayar har ɗanɗanonta ya ɓace. Suka fara rubuta ranar suya a jikin jaka, da sunan gona, da tsayin dutsen da aka noma ta. Mutane da yawa da suka fara kurɓa sai suka ce ta yi tsami, ko an manta da sukari ne. Sai da aka yi haƙuri, ana bayani kofi bayan kofi, kafin harsuna suka saba.

A nan ne aikin barista ya zama abin da ya cancanci a tsaya a kalla. Da safe kafin a buɗe ƙofa, sai ya daidaita injin niƙa, domin gahawar da ta fito daidai jiya tana iya saɓawa yau saboda laimar iska, kuma laima a Manila ba ta da alƙawari. Yakan auna kimanin giram 18 na gari, ya danne shi daidai wa daida, ya sa ido ya ga kimanin giram 36 na ruwan esfireso ya sauko cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In ya yi sauri, ta yi tsami, sai ya ƙara laushin niƙa. In ya yi jinkiri, ta yi ɗaci, sai ya sassauta. Ya ɗanɗana, ya zubar, ya sake, har sai harshensa ya yarda. Madara ma da ƙa'idarta: in zafinta ya wuce digiri 65 ko makamancin haka zaƙinta na asali ya tafi, kumfarta kuma dole ta yi laushi ba manyan ƙwai-ƙwai ba, kafin a iya zana fure ko zuciya a saman kofi. Ruwan da ake amfani da shi sai an tace, injin sai an wanke shi kullum. Duk wannan yana faruwa ne yayin da mutum goma ke layi, kowa da buƙatarsa, kuma ana so a gaishe su da fara'a a tuna sunayensu. Wannan sashe na ƙarshe 'yan Filifin sun gaje shi tun daga gida, inda ba a yi wa babba magana ba tare da kalmar ladabi ba. Da ilimin awo ya haɗu da wannan tarbiyya, sai aka samu ma'aikacin da ake nemansa ko'ina.

Hukuma ma ta lura. TESDA, wadda ke kula da koyar da sana'o'in hannu a ƙasar, ta sanya aikin barista cikin sana'o'in da take ba da takardar shaida a kansu, har yaron da bai je jami'a ba ya samu abin nunawa. Gasar baristoci ta ƙasa ta kafu, wanda ya ci kuma ya wakilci Filifin a gasar duniya, inda ake ba mutum minti 15 ya haɗa wa alƙalai huɗu esfireso, da mai madara, da wani haɗi na kansa, yana yi yana bayani. A 2019 wakilin Filifin, Michael Harris Conlin, ya kai zagayen kusa da na ƙarshe a Boston. Amfanin irin wannan gasa ya wuce kofin da ake ɗagawa. Yaron da ke wanke kofuna a wani shago a Quezon City yakan gani ya san cewa aikin nan yana da tsani, kuma ana iya hawa.

Alheri mafi girma da wannan juyi ya kawo, a ganina, shi ne da ya juya fuskar shago zuwa gona. Filifin na cikin ƙasashe ƙalilan da ke noma manyan nau'o'in gahawa huɗu: Arabika, Robusta, Liberika da Ekselsa. Amma da farko shagunan da ke taƙama da inganci daga Habasha da Kolombiya da Barazil suke sayo ƙwayarsu, suna cewa ta gida ba ta kai ba. Kuma da gaskiyarsu a lokacin, domin an saba a tsige reshe gaba ɗaya, ja da kore, a shanya a ƙasa ko a gefen titi. Sai aka fara hawa dutse. Hukumar Philippine Coffee Board, da aka kafa a 2002, ta yi ta kira ga manoma su tsinki jajayen 'ya'ya kaɗai. Kamfanin Kalsada ya zauna da manoman Benguet ya taimaka da wurin wankewa da gadajen shanya. A Davao, Joji Pantoja ta kafa Coffee for Peace a 2008, bayan ta ga yadda zaman shan gahawa ke sa ɓangarorin da ke rikici a Mindanao su saurari juna, ta kuma koya wa manoman gindin dutsen Apo sarrafa amfaninsu da tantance darajarsa. Tun daga 2018 ake gasar ingancin gahawa ta ƙasa, inda ƙwararrun masu ɗanɗano ke ba da maki bisa ma'aunin duniya, wanda sai ta kai 80 cikin 100 ake kiranta ta musamman. Gahawar Bukidnon da Davao del Sur da Sultan Kudarat ta tsallake wannan layi, an kuma yi gwanjon wadda ta ci a kan farashin da manomi bai taɓa mafarki ba. Manomin da ya shekara arba'in yana noma bai taɓa ɗanɗana tasa an haɗa ta da kyau ba, yau ya san abin da yake sayarwa.

Shekarar 2020 ta zo da jarrabawa biyu. Ranar 12 ga Janairu dutsen Taal ya yi aman wuta, toka ta rufe gonakin gahawa a Batangas da Cavite. A watan Maris kuma dokar kulle ta annobar korona ta rufe tsibirin Luzon, shaguna suka tsaya, baristoci da yawa suka rasa aiki. Abin da ya biyo baya ya ba da mamaki. Mutanen da ke zaune a gida suka sayi ƙananan injinan niƙa da matatai suka koyi haɗawa da kansu, masu suya suka riƙa aika jakunkuna har ƙofar gida. Baristocin da aka sallama wasu suka buɗe bayan mota, wasu suka ɗora akwati a kan keke, suka tsaya a gefen hanyoyin da masu motsa jiki ke bi da safe. Da aka buɗe gari, ilimin da a da yake tsare a 'yan unguwannin masu kuɗi na Makati ya riga ya bazu har garuruwan larduna.

Bayan nan sai rububi. Kowace unguwa ta samu shagonta, wasu an ƙawata su domin hoton waya fiye da domin kofi. Pickup Coffee ya fito a 2022 da ƙananan rumfuna da farashin ƙasa da peso 100, ZUS ya shigo daga Malesiya a 2023, wasu kuma suka sauko da farashi fiye da haka. Abin da ya fi tafiya shi ne gahawa mai ƙanƙara da madarar gwangwani mai zaƙi, ko mai ɗanɗanon ube, doyar nan tasu mai launin shunayya. Masu tsattsauran ra'ayi a harkar suna kukan cewa inganci ya zube, kowa ya sayi inji ya kira kansa barista. Akwai gaskiya a kukan, domin shago da yawa na ɓoye tsohuwar ƙwaya da inji mai datti a ƙarƙashin sukari. Amma ban yarda cewa zaƙi shi ne laifin ba. Ƙasa ce mai zafi, mutanenta kuma suna son zaƙi tun kaka da kakanni, kuma ma'aikacin da a da 'yar leda kaɗai yake iya saye yanzu yana shan wadda aka niƙa a gabansa. Kofi mai zaƙi ma yana da na kirki da na banza, kuma hannun mai haɗawa ne ke rarrabe su.

Wannan hannu kuwa shi ne aka fi bari a baya. A Yulin 2024 an tsayar da mafi ƙarancin albashin yini a yankin Manila a kan peso 645, a larduna kuma bai kai haka ba. Kofi ɗaya na gahawa da madara a shagon da ke taƙama da inganci yakan kai peso 150 zuwa 200. Ke nan barista da yawa sai ya ba da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na wahalar yininsa kafin ya sha abin da yake haɗa wa wasu sau ɗari. Ga kuma al'adar nan da ma'aikata ke kira endo, inda ake katse kwangilar mutum kafin ya cika wata shida domin kada doka ta tilasta a mai da shi na dindindin. Dokar 2019 da ta ce kuɗin hidima da ake ƙara wa abokin ciniki na ma'aikata ne gaba ɗaya ta taimaka, amma ba kowane shago ke karɓar wannan kuɗi ba. Saboda haka da zarar yaro ya ƙware, sai ya nemi fasfo. Duk Bahaushen da ya je Umara ko fatauci ya tsaya shan gahawa a Jidda ko Riyad ko Dubai ko Doha, da wuya bai karɓi kofi daga hannun ɗan Filifin ba. Kuɗin da suke aikawa gida yana ciyar da iyalai yana biyan kuɗin makaranta, ba wanda zai ga laifinsu. Amma shagon da ya horar da su a Manila ya koma farawa da sabon yaro, kuma wannan na cikin dalilan da ke sa ka sha kofi mai daɗi a wuri yau, ka dawo bayan wata uku ka tarar ya canza.

Gonar ma haka take. Duk da shirin bunƙasa gahawa na 2017 zuwa 2022 da gwamnatin Duterte ta sanya wa hannu, ƙasar na shigo da mafi yawan abin da take sha daga waje, musamman Biyetnam da Indonesiya. Yawancin manoma ƙananan gonaki gare su, bishiyoyi sun tsufa, manoman ma sun tsufa, 'ya'yansu sun tafi birni. A Cavite da Batangas gidajen kwana na cinye filayen da a da barako ke tsaye. Sabon dashe kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba da 'ya'ya, kuma guguwa ɗaya na iya kwashe wahalar. Farashin gwanjo mai daɗin ji buhuna kaɗan yake shafa. Sauran manoma suna sayarwa ne a yadda ɗan tsakiya ya ce.

Idan na waiwayi waɗannan shekaru talatin, ina ganin 'yan Filifin sun yi abin da ba kowace al'umma ke iya yi ba: sun koyi sana'a daga waje, sun ƙware a kanta, sannan suka ɗauke ta suka koma da ita gonakin iyayensu. Wannan nasara ce ta gaskiya, kuma matasa ne suka yi ta da ƙaramin jari. Sauran aikin ya fi wuya domin na kuɗi ne. Mai shagon da ke son kofinsa ya dawwama da daɗi dole ya biya baristansa abin da zai sa ya zauna shekara biyar ko goma, ya ba shi aikin dindindin da damar ƙarin koyo. Mai suya dole ya yi wa manomi alƙawarin farashi tun kafin girbi, domin tsinkar ja kaɗai aiki ne mai cin lokaci, kuma ba wanda zai yi shi kyauta. Mai sha kuma, da ya riga ya koyi tambayar daga wace gona, ya kamata ya ƙara tambayar nawa aka biya mai gonar. Shagunan da suka riƙe waɗannan abubuwa su ne za a tarar a buɗe nan da shekara ashirin, da ma'aikatan da suka san aikinsu da gahawar ƙasarsu a kan kanta.